Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Mawaƙin Pank Ya Yi Furfura

Wasiƙun wannan watan kusan duk sun taru a kan abu ɗaya: mawaƙan pank na Amurka da Ingila da suka tashi a shekarun 1970, waɗanda yau sun haura sittin ko saba'in suna fitar da waƙoƙin waiwaye. Mun zaɓi shida. Muna rubuta "pank" da harafin p don kada a rikita shi da fank irin na James Brown, wanda hanyarsa daban ce.

TAMBAYA, daga wata mai karatu: An ce mini pank kiɗan ihu ne da fushin samari. Sai na saurari wata waƙar John Lydon ta 2023, na ji ta a sanyaye kamar ana lallashin jariri. Wannan ba watsar da asali ba ne?

AMSA: Malama, abin da aka gaya miki gaskiya ne, amma rabinta ne. Pank ya tashi a tsakiyar shekarun 1970 a birane biyu, Niyok da Landan. A Niyok, matattararsa wani ɗan ƙaramin gidan rawa ne mai suna CBGB da aka buɗe a 1973 aka rufe a 2006. Kundin farko na ƙungiyar Ramones ta Niyok, wanda ya fito a 1976, waƙoƙi 14 ne cikin minti 29, an kuma ɗauke shi da kuɗin da bai wuce dala 6,400 ba. Ki lissafa, kowace waƙa minti biyu ke nan da 'yan daƙiƙoƙi. Babu ado, babu doguwar gwaninta a kan jita, a faɗi magana a wuce. A Landan kuwa Lydon ne ke gaban Sex Pistols, yana ɗan shekara 21 lokacin da kundinsu ya fito a 1977.

Waƙar da kika ji ita ce "Hawaii", ta ƙungiyarsa ta biyu, Public Image Ltd. Ya yi ta ne domin matarsa Nora Forster, wadda cutar mantuwa ta Alzheimer ta kama, shi ne kuma ke jinyarta. Ya shigar da waƙar gasar zaɓen wakilin ƙasar Ailan a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a farkon 2023, ba ta ci ba, matar kuma ta rasu a watan Afrilun shekarar. Mutumin da ke zaune kusa da wadda tunaninta ke zurarewa kullum, yana ƙoƙarin tuna mata wata tafiya da suka taɓa yi tare, da wa zai yi ihu?

Abin da pank ya zo da shi tun farko shi ne faɗin abin da ke gabanka ba tare da kwaskwarima ba. Yaro mai shekara 20 abin da ke gabansa rashin aiki ne da gundura da iyaye. Dattijo mai 67 abin da ke gabansa asibiti ne da jana'izar abokai. Ki duba yadda mutuwa ta ci wannan tsara: duka mutum huɗu da suka kafa Ramones sun tafi, Joey a 2001, Dee Dee a 2002, Johnny a 2004, Tommy a 2014. Patti Smith ta yi shekaru ba ta fitar da kundi ba, sai a 1996 ta dawo da Gone Again bayan ta rasa mijinta Fred Smith da ƙaninta Todd a ƙarshen 1994, tsakaninsu wata ɗaya kacal. The Stranglers sun rasa mai kaɗa musu fiyano, Dave Greenfield, a watan Mayun 2020 sanadin korona, kundinsu na 2021 kuma yana ɗauke da waƙar da suka yi masa.

A ganinmu wanda ya watsar da asali shi ne tsohon da ke shafa baƙi a gashinsa yana rera fushin makaranta kamar jiya ya bar aji. Wannan shi ne mai kwaikwayo, kuma kansa yake kwaikwaya.

TAMBAYA, daga wani mai aikin ɗaukar sauti: Idan mawaƙi ya shafe shekara 40 yana ihu, me ke faruwa da muryarsa, kuma yaya ake ɗaukarta a situdiyo har ta fito da kyau?

AMSA: Malam, a fara da abin da ke cikin maƙogwaro. Tantani biyu ne ke haɗuwa suna kaɗawa idan iska ta biyo daga huhu. A maganar namiji suna kaɗawa sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa, a ta mace kusan sau 200. Tsufa na yin abu uku. Naman tantanin yana ramewa har su daina rufewa ruf, iska ta riƙa zurarewa ta tsakiya, shi ya sa kake jin huci a cikin muryar. Guringuntsin maƙogwaro yana taurarewa ya koma kamar ƙashi. Huhu kuma ba ya riƙe iska kamar da, saboda haka dogon layi ba ya kaiwa ƙarshe. A kan wannan sai ka ɗora abin da sana'ar ta jawo: kanta da ke fitowa a gefen tantanin saboda yawan bugun juna, kumburin da taba ke kawowa, da ƙwannafi, wanda ruwan ciki ke tasowa da dare ya ƙona wurin, musamman ga mai cin abinci bayan wasa ya kwanta nan take. Abin da ke fara tafiya shi ne saman murya. Ƙasan yakan zauna, wani lokaci ma ya ƙara kauri.

Iggy Pop misali ne mai kyau. An haife shi a 1947, ya yi suna da ihu a The Stooges, amma asalin muryarsa mai kauri ce. A Post Pop Depression na 2016, wanda Josh Homme ya shirya masa a wani situdiyo da ke hamadar Kalifoniya, an gina waƙoƙi taran ne a kan wannan kaurin, ihun kuma aka ajiye shi sai inda ake buƙata. A Free na 2019 ya ƙara sauka ƙasa, wani wurin karatu yake yi kawai a kan busa da jita mai shawagi.

Ga yadda ake aikin. Kafin a ɗauki ko da bugun ganga ɗaya, a zaunar da mawaƙin kusa da fiyano a nemo inda muryarsa ke tsayawa ba tare da ya matse wuya ba, sama da ƙasa, a rubuta. A kan wannan ake saita waƙoƙin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama ɗaukar kiɗa duka a matakin da, sannan a kira dattijo a ce ya hau. Ba zai iya ba, zai matsa, muryar ta dishe a rana ta biyu, a yi asarar mako.

Ya ɗumama murya minti 10 zuwa 15 kafin a kunna na'ura: guna da baki a rufe, ko hura murya ta cikin tsinken shan lemo a kofin ruwa, wanda ke sa tantanin haɗuwa ba da ƙarfi ba. A yi aiki minti 20 zuwa 30, a huta. Waƙar da ke buƙatar ihu a bar ta ƙarshen zama, domin bayanta ba za ka sake samun murya mai tsabta ba a ranar. A ɗauki kowace waƙa sau uku ko huɗu daga farko har ƙarshe, a tsinci layi mafi kyau daga kowanne. Ɗauka 15 ba ta ƙara komai sai gajiya.

Makirufo marar tsananin ji, kamar Shure SM7B, ya fi rufa wa irin wannan murya asiri fiye da mai tsananin ji, wanda zai kwaso kowane huci da ƙarar yawu. Tazarar baki da makirufo santimita 10 zuwa 15. Idan ya matso sosai kaurin yana ƙaruwa, abin da ke da daɗi a layin da ake faɗa a hankali, amma yana cushe kalmomi idan ya yi yawa. A yanke duk abin da ke ƙasa da kaɗawa 80 a daƙiƙa, a danne hawa da saukar ƙarfin muryar da kimanin uku bisa ɗaya, sannan a rage wa jitoci kaɗan tsakanin kaɗawa 1,000 da 3,000, domin a nan kalmomi ke fitowa, a nan kuma jitar pank ke cika wuri.

Manhajar gyaran murya kuwa, a taɓa ta da ɗan yatsa. Idan ka miƙar da kowace rawar murya ka goge kowane huci, ka goge abin da mai saurare ya zo ji. Wani abu kuma da ba na situdiyo ba: dishewar da ta wuce mako uku ko huɗu ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, a zura na'ura a duba. Raɗa ba hutun murya ba ce, tana wahalar da tantanin ita ma.

TAMBAYA, daga wani mai kaɗa jita: Na gwada bin wata tsohuwar waƙa tare da bidiyon wasan da mawaƙin ya yi kwanan nan, sai na ji jitata ba ta daidaita da tasu ba. Ni ne na yi kuskure?

AMSA: Ɗan'uwa, kunnenka lafiya lau. Sun sassauta tsirkiya ne. Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce a sauke duk tsirkiyoyi shida rabin mataki, wasu ma mataki guda, yatsu su ci gaba da taka wuraren da suka saba, amma waƙar ta sauko inda dattijon zai iya kaiwa. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa. Rabin mataki ƙasa ta koma kusan 78.

Matsalar ita ce ɗaurin yana raguwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a rabin mataki, kashi 21 a mataki guda. Tsirkiyar sai ta yi laushi, ta riƙa taɓa ƙarafan wuyan jita tana zizara, idan kuma ka buga da ƙarfi sautin ya ɗan haura kafin ya dawo. Maganinsa ka canza zuwa tsirkiya mai kauri, daga lamba 10 zuwa 11. Bayan kwana ɗaya ka duba lanƙwasar wuyan. Idan sai ka juya ƙarfen da ke cikinsa, rubu'in zagaye kawai za ka juya, ka jira, ka sake dubawa.

Sauri ma ana rage shi. Johnny Ramone, mai jitar Ramones, bugun ƙasa kawai yake yi, ba ya dawowa sama. A waƙa mai bugu 180 a minti, wannan na nufin hannu zai sauka sau biyu a kowane bugu, wato sau 360 a minti, sau shida a daƙiƙa, mai ganga ma haka yake yi da hannun damansa. Idan aka sauko 165, ya zama 330. Mai saurare da wuya ya lura, amma gwiwar hannun ɗan shekara 65 ta san bambancin, mawaƙin kuma ya sami wurin jan numfashi tsakanin layuka. Idan aka wuce gona da iri aka sauko 140, waƙar ta mutu, ta zama rok na gama-gari.

TAMBAYA: Na ga ana fitar da kundin "waƙoƙin da ba a taɓa ji ba" na shekarun 1970. Daga ina ake samo su?

AMSA: Hanya biyu ce, kuma ya kamata mai saye ya san wadda aka bi.

Ta farko, a ɗauki tsofaffin waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka ba. Descendents na Kalifoniya sun yi haka da 9th & Walnut, wanda ya fito a 2021. Waƙoƙin an rubuta su tsakanin 1977 da 1980, sunan kundin kuma mahaɗar titin da suke yin atisaye ce a Long Beach. Makaɗa ukun farko sun ɗauki kiɗan a 2002, aka ajiye. Mai jitar, Frank Navetta, ya rasu a 2008. Sai a 2020, lokacin kullen korona, mawaƙinsu Milo Aukerman ya ɗora murya. Wato mutum mai shekara 57 yana rera abin da aka rubuta kusan shekara 40 kafin nan, a kan jitar abokinsa da ya yi shekara 12 a kabari. Kalmomin na ƙuruciya ne, nauyin daga wannan tazarar yake fitowa.

Ta biyu, a tono zaren ɗaukar sauti na asali. Nan ake ɓarna. Yawancin zaren situdiyo da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980, mannen da ke riƙe garin maganaɗisu a jikinsa yana shan laima ya yi danƙo. Idan aka ɗora shi a na'ura haka, zai yi ƙara, ya tsaya, garin ya goge a kan na'urar, abin da ya goge kuma ya tafi har abada. Saboda haka ake gasa shi tukuna: zafi kusan digiri 54 a ma'aunin Salshiyas, ba hawa ba sauka, awa kaɗan ga siririn zare, awa takwas ko fiye ga mai faɗin inci biyu wanda ke ɗauke da layin sauti 16 ko 24. A bar shi ya huce a hankali kafin a taɓa. Akwatin ɗumama na ɗakin gwaji ake amfani da shi, ba murhun gas ba, domin gas na fitar da tururi, zafinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Gashin ba warkewa ba ce, yana ba da 'yan makonni ne a kwashe sautin zuwa kwamfuta kafin danƙon ya dawo. Akwai kuma tsohon zare mai jikin asitet, shi zafi lalata shi yake yi. Ana gane shi idan aka ɗaga faifan zaren ga fitila aka ga haske yana ratsawa.

Sauran tarkon ƙanana ne amma suna ɓata aiki: gurbin da aka yanke aka liƙa da hannu yana ɓallewa, gudun zaren yana iya zama inci 15 ko 30 a daƙiƙa, idan kuma an ɗauka da tsarin rage hayaniya na Dolby aka kwashe ba tare da an warware shi ba, sautin zai fito da kaifi marar daɗi.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar shari'a: Idan waƙar mawaƙi ce, me ya sa wasu ke sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsu maimakon su sayar da na asali?

AMSA: Domin sau da yawa na asalin ba nasu ba ne, Malama. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na rubutu, wato kalmomi da karin, da na sautin da aka ɗauka. Na biyun yawanci kamfanin da ya biya kuɗin situdiyo ke riƙe da shi. Sabuwar ɗauka sabon haƙƙi ce, ta mawaƙin ce idan shi ya biya.

A Amurka dokar 1976 ta ba wa mai aiki damar karɓe abin da ya miƙa bayan shekara 35, idan ya miƙa ne daga 1 ga Janairun 1978. Dole ya ba da sanarwa a rubuce shekara biyu zuwa goma kafin ranar, damar kuma shekara biyar take a buɗe, a cikin Amurka kaɗai take aiki. Abin da aka miƙa kafin 1978 sai shekara 56, kuma farkon pank a nan ya faɗa. Kamfanoni sukan yi gardama cewa sautin aikin haya ne, wanda dokar ta cire daga wannan dama. A Ingila an tsawaita haƙƙin sauti daga shekara 50 zuwa 70 a 2013.

Sai rigimar cikin gida. A 2021 Lydon ya yi ƙoƙarin hana amfani da waƙoƙin Sex Pistols a wani shirin talabijin kan tarihin ƙungiyar. Tsofaffin abokansa a ƙungiyar, Steve Jones da Paul Cook, suka kai maganar babbar kotun Landan suka yi nasara, bisa yarjejeniyar 1998 da ta ce ra'ayin mafi rinjaye ke aiki.

TAMBAYA, daga wani dattijo mai tara faifai: Ta yaya zan bambanta kundin waiwaye na ƙwarai da wanda aka yi don neman kuɗin fansho?

AMSA: Ranka ya daɗe, neman kuɗin ba laifi ba ne, yawancin waɗannan mutane ba su tara abin kirki a ƙuruciya ba. Amma akwai alamu.

Ka saurari kalmomin ka ga ko akwai abin da za ka iya taɓawa. Waƙar da ke cewa da can an ji daɗi, yaran yanzu ba su san komai ba, kowa zai iya rubuta ta. Wadda ta ambaci gadon asibiti, ko titin da aka yi atisaye, ko sunan wanda ya mutu, mutum ɗaya ne zai iya. Kundin Joey Ramone na kansa, Don't Worry About Me, ya fito a 2002 bayan ciwon daji ya kashe shi yana da shekara 49, a ciki akwai waƙar da ya yi a kan kwanciyarsa a asibiti, da kiɗan Ramones sak, ba a rage gudu ba. Wannan ya nuna sanyin kiɗa ba sharaɗi ba ne. Poly Styrene ta X-Ray Spex ta fitar da Generation Indigo a watan Maris na 2011, ta rasu a Afrilu, kundin kuma a raye yake, ba ya jan ƙafa.

Ka duba waye ke bayan gilashi. Mai shirya kundi da ya taso yana bautar mawaƙin yakan so ya maido masa da sautin 1977, sai ya cika jita ya binne muryar. Baƙin mawaƙa da yawa a kundi ɗaya su ma alama ce ta rashin yarda da mai kundin.

Kundin da aka kammala bayan mutuwa sai a saurare shi da sanin haka. Joe Strummer na The Clash ya faɗi ya mutu a watan Disamban 2002 yana da shekara 50, sanadin ciwon zuciya da aka haife shi da shi ba a sani ba. Streetcore ya fito a 2003, abokan kiɗansa suka ƙarasa shi, wasu muryoyin ɗauka ta farko ce da bai samu ya maimaita ba. Yana rufewa da tsohuwar waƙar Bobby Charles a kan yin abin da za a yi kafin tsufa ya zo. Mutane suna jin ta kamar wasiyya, alhali Strummer bai san zai mutu ba, jerin waƙoƙin ma wasu ne suka tsara shi.

Tun da kai mai faifai ne, ga wani dalilin da ke sa waƙa mai sanyi ta zo ƙarshe. Faifai mai inci 12 yana ɗaukar minti 20 zuwa 22 a kowane gefe. A bakin faifan, layin yana wucewa ƙarƙashin allura kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa kusan 20 ne kawai. Sauti mai ƙarfi da kaifi yana dagulewa a can ciki, saboda haka masu yanka faifai suka saba ba da shawarar a sa masu ihu a farko, a bar wa mai jita ɗaya da murya ƙarshen gefe. Idan waƙar ƙarshen ta riƙa tsatsa a na'urarka duk da haka, ka duba allurar da nauyin da take sauka da shi kafin ka zargi muryar dattijon.